Daga Ƙaro zuwa Kwamfuta: Tarihin Zana Sarƙoƙin Sukari da Hanyoyin Nemansu

Gabatarwa

Duk wanda ya yi karatun allo a ƙasar Gaya ko a ƙauyukan Ajingi ya san cewa tawada ba ta kama allo sai an sa mata ƙaro. Baƙin gawayi shi ne launi, amma ƙaro ne ke riƙe baƙin, ya hana shi kwantawa a gindin kurtu, ya kuma manna shi a jikin allo. Shekaru aru-aru ke nan ƙaro yana hidimar rubuta ilimi. Abin da bai samu ba sai a baya-bayan nan shi ne hanyar da za a rubuta shi kansa, wato a zana yadda ƙirarsa take daga ciki, ta yadda masanin Kano da na Kyoto za su dubi zanen su fahimci abu guda.

Ƙaro ɗan gidan sukari ne, ko da yake ba shi da zaƙi. Masana kimiyyar sinadarai suna kiran wannan babban gida kabohaidiret. A cikinsa akwai sukarin shayi, da sitacin gero da dawa, da zaren auduga, da kuma wasu ƙananan sarƙoƙi masu rassa da suka lulluɓe ƙwayoyin halittar mutum da dabba da ƙwayoyin cuta. Waɗannan su ake kira gilaikan, amma a wannan maƙala za mu riƙa ce musu sarƙoƙin sukari. Manufar maƙalar ita ce bin sawun yadda aka koyi zana su, tun daga alƙalamin Emil Fischer a 1891 har zuwa manhajojin da a yau suke ba ɗalibi damar ya zana sarƙa a fuskar kwamfuta, ya tambayi rumbunan bayanai na duniya ko an taɓa ganin irinta. Hujjar da za a kafa guda ɗaya ce: babban abin da ya riƙe wannan fanni shi ne rashin daidaitaccen rubutu, domin abin da ba a haɗu a kan rubutunsa ba, ba a iya nemansa. Daga ƙarshe za a nuna wuraren da wannan tarihi ya ratsa ƙasar Hausa, da abin da ya rage mata ta yi.

Dalilin da ya sa sukari ya yi wuyar rubutawa

Ƙwayar gado ta DNA haruffa huɗu gare ta, kuma jere suke bi da bi kamar carbi. Furotin kuwa tubala iri ashirin ne, su ma a layi ɗaya. Saboda haka da kwamfuta ta zo ba ta sha wahalar ajiye su ba. An buɗe rumbun GenBank a Amurka a 1982, sannan a 1990 aka fito da manhajar BLAST, wadda ake ba ta jerin haruffa ta zaƙulo masu kama da shi cikin ɗan lokaci.

Sukari bai yarda da wannan sauƙi ba, saboda dalilai uku. Na farko, tubali ɗaya yana da hannaye da dama da zai iya kama ɗan'uwansa da su, kuma kowane kamu yana da fuska biyu, waɗanda masana ke kira alfa da beta. Gulukos biyu kacal suna iya haɗuwa ta hanyoyi 11, kowace ta ba da sinadari dabam. Manomi ya san sakamakon wannan ko da bai san sunansa ba. Sitacin da ke cikin ƙwayar dawa da zaren selulos da ke cikin karanta duk da gulukos aka gina su. A sitaci kamun alfa ne, shi ya sa cikin mutum yake narkar da tuwo. A kara kamun beta ne, sai dai saniya da tunkiya, su ma da taimakon ƙananan halittun da ke cikin tumbinsu.

Na biyu, sarƙar sukari tana yin rassa kamar itaciya, reshe kuma ya sake fitar da reshe. A 1994 Roger Laine na Jami'ar Jihar Louisiana ya lissafa cewa tubala shida suna iya ba da siffofi sama da tiriliyan ɗaya. Na uku, furotin daga DNA ake kwafo shi, don haka wanda ya karanta ƙwayar gado ya san jerinsa. Sarƙar sukari kuwa ba ta da allon da ake kwafo ta daga gare shi. Wasu sinadarai da ake kira enzayim ne ke ɗora tubalanta ɗaya bayan ɗaya, gwargwadon halin da ƙwayar halitta take ciki. Dole sai an ciro sarƙar an auna ta kafin a san siffarta.

Kuma wannan siffa ba ƙaramin abu ba ce. Karl Landsteiner ya gano rukunan jini a 1901, amma sai a shekarun 1950 binciken Walter Morgan da Winifred Watkins a Landan ya nuna cewa bambancin yana ga sukari. Abin da ya raba mai jinin A da mai jinin B tubali ɗaya ne a bakin sarƙa, mai jinin O kuma ba shi da ko ɗaya daga cikin biyun. A kan wannan tubali guda ake yanke hukuncin jinin da za a ƙara wa mai haihuwa.

Zamanin alƙalami da takarda

A 1874 Jacobus van 't Hoff, ɗan ƙasar Holan, ya kawo ra'ayin cewa hannayen kabon huɗu suna miƙewa ta kusurwoyi huɗu, ba a shimfiɗe suke kamar tabarma ba. Bisa wannan lissafi, gulukos yana da 'yan'uwa masu kayan gini iri ɗaya da nasa, su 16 har da shi, waɗanda suka bambanta ta fuskar da hannayensu suka dosa. Tambayar ita ce, wanne ne gulukos a cikinsu, kuma yaya za a nuna shi a takarda?

Emil Fischer, wanda a lokacin yake Jami'ar Würzburg ta Jamus, shi ya amsa tambayoyin biyu a 1891. Ya jera kabon a layi ɗaya daga sama zuwa ƙasa, ya sa hannayen dama da hagu, ya kafa ƙa'idar karanta zanen. Cikin sukarin da ya dogara da su wajen kafa hujjarsa akwai arabinos, wanda Heinrich Kiliani ya nuna a 1887 cewa kabon biyar gare shi. Idan aka ƙara masa kabon ɗaya sai a sami gulukos da manos, kuma daga wannan dangantaka Fischer ya warware sauran. Shi arabinos ya samo sunansa ne daga sunan da Turawa ke kiran ƙaro, wato ƙaron Larabawa, domin ta tashoshin Larabawa ya riƙa isa Turai. Ashe sunan ƙaro yana nan a cikin tubalan farko na wannan ilimi. An ba Fischer kyautar Nobel a 1902. Wani abu ɗaya da ya rage masa, wato ko zanensa shi ne ainihin siffar ko kuwa hotonta na madubi, zaɓa ya yi da ka. Sai a 1951 Johannes Bijvoet ya tabbatar a Utrecht cewa zaɓin ya dace.

Bayan Fischer sai aka gane cewa sukari a cikin ruwa yakan naɗe ya zama zobe. Norman Haworth na Jami'ar Birmingham a Ingila ya fito da zanen zobe mai kusurwa shida wanda har yau ɗaliban sakandare suke kwafa, ya kuma sami kyautar Nobel a 1937. Sai dai zanen Fischer da na Haworth suna nuna kowane hannu na kowane tubali. Ga sukari ɗaya ko biyu wannan ya wadatar, amma sarƙa mai tubala goma sha biyu da rassa uku takan cika shafi, mai karatu ya rasa inda zai sa ido.

Neman haruffa

A 1978 Stuart Kornfeld da abokan aikinsa a Jami'ar Washington da ke St. Louis suka fara wakiltar kowane tubali da alama guda: da'ira, ko murabba'i, ko alama mai kusurwa uku. Littafin Essentials of Glycobiology, wanda Ajit Varki da wasu masana suka fitar a 1999, ya ɗauki wannan dabara ya yaɗa ta. Amma masanan Oxford suna da nasu tsarin, wanda ke nuna irin kamu ta hanyar karkatar layi, wasu kuma suna amfani da alama ɗaya da ma'ana dabam. Sai a 2015 aka haɗu a kan tsari guda mai suna SNFG. A cikinsa gulukos shuɗiyar da'ira ce, galaktos rawayar da'ira, manos koriyar da'ira, fukos jar alama mai kusurwa uku, arabinos kuwa koren tauraro.

Ɗalibin adabin Hausa ba baƙo ba ne ga irin wannan tafiya. Marubutan ajami sun sha bamban wajen rubuta sautukan da Larabci ba shi da su. Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun boko a 1912, ƙamus ɗin Bargery ya fito a 1934, haruffa masu ƙugiya suka kankama a shekarun 1930, aka kuma zauna a Bamako a 1966 don daidaita rubutun harsunan Afirka ta Yamma, Hausa na ciki. Amfanin wannan wahala a fili yake. Wanda bai raba ƙ da k ba, zai buɗe ƙamus yana neman ƙaro ya faɗa kan karo. Abin da ya sami kalma shi ya sami sarƙar sukari.

Shigowar kwamfuta

Alama mai launi idon mutum take yi wa hidima. Kwamfuta kuwa tana buƙatar a mayar mata da itaciyar ta zama jerin haruffa da lambobi. Yunƙuri na farko mai girma shi ne CarbBank, wanda Cibiyar Binciken Kabohaidiret ta Jami'ar Georgia a Amurka ta jagoranta tun ƙarshen shekarun 1980. Ma'aikatansa sun bi mujallun kimiyya suna tsinto siffofin sarƙoƙi suna shigarwa, har aka tara dubban bayanai. A 1997 kuɗin tallafi ya yanke, aikin ya tsaya.

Gadon CarbBank ya watsu zuwa gidaje da yawa, kowane gida kuma ya ƙirƙiro salon rubutunsa. A Cibiyar Binciken Ciwon Daji ta Jamus da ke Heidelberg, Claus-Wilhelm von der Lieth da ɗalibansa suka gina rumbun GLYCOSCIENCES.de da salon LINUCS, da manhajar SWEET-II mai mayar da jerin sunaye ya zama siffa mai tsawo da faɗi da kauri. A Jami'ar Kyoto ta Japan aka buɗe KEGG GLYCAN, da manhajar zane ta KegDraw, da manhajar nema ta KCaM. A Cibiyar Zelinsky ta Mosko, Philip Toukach ya kafa rumbun sarƙoƙin bakteriya a 2005, wanda daga baya ya haɗa da tsirrai, ake kiransa CSDB. Sarƙa ɗaya sai ta wayi gari da rubutu huɗu ko biyar, rumbu bai gane na maƙwabcinsa ba. Bugu da ƙari, da Toukach da Ksenia Egorova suka bi bayanan CarbBank da tankaɗe da rairaya, sun ba da rahoto a 2012 cewa kimanin kashi 35 cikin ɗari na waɗanda suka duba suna ɗauke da kuskure. Kurakuran sun riga sun bi gadon zuwa sauran rumbuna, kamar yadda kuskuren mai kwafar littafi yake bin duk kwafin da aka yi daga nasa.

Tarayyar Turai ta ɗauki nauyin wani aiki mai suna EUROCarbDB daga 2005 don ɗinke wannan ɓaraka. Daga cikinsa aka sami GlycanBuilder a 2007, manhajar da Alessio Ceroni ya rubuta tare da Anne Dell da Stuart Haslam na Imperial College a Landan. Da ita mai bincike yake danna tubali ya ɗora a kan wani, manhajar ta tsara rassan da kanta. A 2008 GlycoWorkbench ta biyo baya, haka kuma salon GlycoCT, wanda ya kafa dokar da ke tabbatar da cewa sarƙa ɗaya rubutu ɗaya gare ta, ko ta wane reshe aka fara zana ta. Da wannan salo René Ranzinger ya fassara bayanan rumbuna daban-daban ya tara su a GlycomeDB. Shi ma EUROCarbDB tallafinsa ya ƙare, sai wasu ayyuka irin su UniCarbKB suka ɗauki kayansa. A Japan aka fito da salon WURCS a 2014, sannan a 2015 aka buɗe GlyTouCan ƙarƙashin jagorancin Kiyoko Aoki-Kinoshita ta Jami'ar Soka. Wannan ita ce rajistar duniya: duk sarƙar da aka shigar ana ba ta lamba tata, mai farawa da harafin G, wadda ba ta sauyawa. Shekara 33 ke nan tsakanin buɗe GenBank da samun takwararsa ta sukari.

Yadda ake nema

Nema a waɗannan rumbuna iri-iri ne. Mai bincike yana iya zana sarƙa sukutum ya tambaya ko akwai irinta daidai wa daida. Yana iya zana reshe ɗaya ya nemi duk sarƙoƙin da ke ɗauke da shi, kamar mai neman ɗango ɗaya a cikin diwani. Yana iya neman masu kama, inda manhaja irin KCaM take ɗora itaciya a kan itaciya ta ƙirga rassan da suka dace. Idan kuwa bai san siffar ba, sai dai nauyin gutsattsarin da na'urar auna nauyin sinadarai ta ba shi, GlycoWorkbench takan ɗauki siffar da yake zato, ta lissafa gutsattsarin da za ta bayar in ta farfashe, ta gwada su da abin da na'ura ta nuna. Aikin da a da yake cin makonni da fensir ya koma na sa'o'i.

Inda tarihin ya ratsa ƙasar Hausa

Mai karatu zai iya tambaya, ina ruwan mutumin Gaya da da'ira shuɗiya? Amsa ta farko ita ce sanƙarau. Bakteriyar da ke haddasa shi tana sanye da riga ta sukari, kuma da siffar rigar ake raba ta rukuni-rukuni: A, B, C, W, X da Y. A farkon shekarun 1970, Brian Greenwood da Hilton Whittle a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun yi aiki a kan hanyar gano wannan sukari a cikin ruwan ƙashin bayan majiyyaci, don a san cutar da sauri. A annobar 1996, wadda rukunin A ya haddasa, mutum sama da 100,000 suka kamu a Nijeriya, sama da 11,000 suka rasu, Kano na cikin inda abin ya fi tsanani. Allurar MenAfriVac, wadda aka fara a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, ta iso Nijeriya a 2011, sukarin rigar rukunin A ce aka ɗaura a jikin furotin don garkuwar jikin yara ƙanana ta riƙe kamanninta. Rukunin A ya ja da baya ƙwarai. Amma a 2017 rukunin C ya ɓarke a Zamfara da Sakkwato da maƙwabtansu, domin rigarsa da wani tubali dabam aka saƙa ta, garkuwar da ta san A ba ta gane shi ba. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da allurar Men5CV mai kariya daga rukuni biyar, a lokacin da cutar ke yaɗuwa a jihohin da suka haɗa da Jigawa, wadda ke iyaka da Gaya da Ajingi. Siffofin waɗannan riguna suna cikin abin da rumbu irin CSDB yake ajiyewa, kowa na iya dubawa.

Amsa ta biyu ita ce sammore, cutar da ke rame shanu. Marigayi Farfesa Andrew Jonathan Nok na Jami'ar Ahmadu Bello ya shafe shekaru yana binciken enzayim ɗin sayalides, wanda ƙwayar cutar take amfani da shi ta yanke wani tubalin sukari daga jikin ƙwayoyin jini. Idan aka tuɓe musu wannan tubali sai jiki ya ɗauke su tsofaffi ya kawar da su, jini ya ƙare. Wannan aiki ya ba shi kyautar kimiyya ta NLNG a 2009. Ya rasu a 2017.

Amsa ta uku ita ce ƙaron kansa. Sudan da Chadi da Nijeriya su ne manyan masu fitar da shi, daga jihohi irin su Barno da Yobe da Jigawa, kuma akwai tashar bincikensa a Gashuwa. Masana'antun lemo da alewa da magani suna saye da lambar E414. Ɗan kasuwa ya san ƙaron ɗakwara shi ne lamba ɗaya, na dushe lamba biyu, kuma kuɗinsu ba ɗaya ba ne. A wurin masani, ƙashin bayan ƙaro galaktos ne, rassansa na ɗauke da arabinos da ramnos da wani tubali mai tsami. Na dushe ya fi yawan arabinos, ya gaza a ramnos, kuma ruwan na ɗakwara yana karkatar da haske hagu, na dushe dama. Sai dai ƙaro ba siffa ɗaya tak gare shi ba. Tarin manyan sarƙoƙi ne masu bambancin tsawo da rassa, abin da masana ke zanawa matsakaicin kamanninsa ne. Irin wannan sarƙa tana cikin waɗanda har yau suke ba manhajoji wahala.

Kammalawa

Waiwaye adon tafiya. Tarihin nan ya nuna abu biyu. Na ɗaya, ci gaban fannin ya bi sawun daidaita rubutu: zanen Fischer, zoben Haworth, alamomin SNFG, salon GlycoCT da WURCS, lambar GlyTouCan. Na biyu, rumbun ilimi kamar rumbun hatsi ne, in ba mai yaɓe da sauya jinka, damina ɗaya ta ishe shi. CarbBank da EUROCarbDB ba don rashin amfani suka tsaya ba, tallafi ne ya yanke.

Ƙasar Hausa ta ba wannan ilimi suna, ta ba shi majiyyata da masana, tana kuma ba kasuwarsa ɗanyen kaya. Abin da ya kamata ya biyo baya shi ne ta zama mai shigar da bayanai a rumbunan. Gaskiya ne na'urorin auna sarƙoƙi suna da tsada, suna kuma buƙatar wutar lantarki mai ɗorewa, manhaja ba ta maye gurbinsu. Amma GlyTouCan da CSDB da KEGG GLYCAN a buɗe suke ga mai intanet, GlycoWorkbench kuma kyauta ce. Jami'ar Aliko Dangote da ke Wudil da Jami'ar Tarayya ta Dutse sun sa Gaya a tsakiya, Jami'ar Bayero ma ba nisa. Ba abin da zai hana a koya wa ɗalibin kimiyyar sinadaran jiki zana sarƙa da alamomin SNFG tun yana aji biyu, a kuma sharɗanta cewa duk binciken digiri da ya shafi ƙaro, ko yauƙin kuɓewa da kuka, ko rigar wata bakteriya, in ya kai ga gano siffa, sai an yi mata rajista an kawo lambarta. Kundin da aka ajiye a kanta ƙura ce rabonsa, amma siffar da ke da lamba, mai bincike a ko'ina zai same ta, ya san kuma daga inda ta fito.

Tarihin baka ya ce wani maƙeri ne daga Gaya ya je Dala neman tama, zuriyarsa Abagayawa suka zama cikin mazaunan Kano na farko. Ya sami abin da ya fita nema ne domin ya san kamanninsa tun kafin ya bar gida. Jikokinsa da ke azuzuwan kimiyya a yau suna da arziki a jikin itatuwansu, suna da barazana a iskar bazararsu, kuma dukansu da haruffan sukari aka rubuta su. Haruffan sun daidaita, ƙamus ɗin a buɗe yake, ba a kuwa fafe gora ranar tafiya.